Injin Kwafi Ya Ba Da Shaida

Sufeto bai ko kai kofin shayinsa baki ba wayar ofis ta yi ƙara. Litinin ce, takwas ta ɗan gota. Wai an yi sata a kwalejin koyon kasuwanci da ke bayan tashar mota, an ɗauke akwatin kuɗin ɗalibai, naira dubu ɗari da hamsin cif.

Ya ture kofin gefe, ya ƙwala wa Kofur kira. Kofur ƙato ne mai fara'a, in ya zauna a mota sai ta ɗan karkace ɓangarensa. Kafin minti ashirin sun isa.

Shagon ɗaliban ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene. Kantoci biyu cike da littattafan rubutu, biro da rula, sai injin kwafi a kusurwa, an lulluɓe shi da yadi kamar jariri. An rataye balan-balan a bakin ƙofa. Ɗalibai sun yi cirko-cirko cikin kwalliya, amma ba mai murmushi.

Wata gajeruwar mace mai tabarau ta tarye su, hannunta duk alli.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ni ce malamarsu ta lissafin kasuwanci."

"Yauwa, Malama. Biki kuke yi ne?"

"Da shi muka tashi. Yau ne rabon riba." Ta nisa. "Su ashirin da huɗu ne, kowa ya zuba jarin dubu goma a farkon shekara. Na ce ba zan koya musu kasuwanci a allo kawai ba, su buɗe shago su gani da idonsu. Ranar Juma'a aka ciro kuɗin daga banki, aka kulle a akwati. Yau da safe babu akwatin."

Sufeto ya durƙusa ya duba kwaɗon ƙofa. Ko ƙwarzane babu. Tagar kuwa da ƙarfe.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Ɗaya a wurina, ɗaya wurin ma'ajin ajin, ɗaya kuma wurin mai kula da siton makaranta."

"Ke ina kike ranar Asabar da Lahadi?"

"Gidan 'yata. Ta haihu ne, makonni huɗu ke nan duk Juma'a da yamma nake tafiya, sai Lahadi in dawo. Ga tikitin mota."

"Barka da arziki! Mace ko namiji?"

"Tagwaye," in ji ta, murmushi ya ƙwace mata. Kofur ya tafa hannu kamar jikokinsa ne.

Siton yana ƙarshen baranda. Mai kula da shi dattijo ne siriri, ɗalibai na kiransa Kawu. Yana zaune tsakanin kwalayen alli da karyayyun kujeru, yana ganin kaki ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni makullina tun da aka ba ni yake rataye a ƙusar nan. Me zai kai ni shagon yara?"

"Ka shigo makaranta ranar Asabar?"

"Ko kusa. Ina gida, baya ya riƙe ni."

"Wa kake zargi?"

Kawu ya leƙa waje, ya yi ƙasa da murya. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma yarinyar nan ma'aji, ka dubi takalmin ƙafarta. Sabo fil. Ubanta kuwa facin taya yake yi."

Sufeto ya rubuta a ɗan littafinsa. Abin ya tsaya masa a rai. Mutum ya ce ba ya son ɗaukar alhaki, ga shi ya ɗauka tun daga kan takalmi.

Ma'aji ba ta wuce shekara sha tara ba. Ta zauna a ajin da aka ba Sufeto aro, ta rungume wani babban littafi a ƙirji, idanunta sun yi ja. Shugaban kwalejin ya riga ya gaya mata cewa in kuɗin ba su fito ba, korarta za a yi, ga jarrabawar ƙarshe saura mako uku.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Takalmin nan fa?"

"Yayata ce ta ara mini saboda bikin yau, Yallaɓai. Ya ma yi mini yawa." Ta zare ƙafa ɗaya, sai ga takarda an cusa a bakin takalmin. Kofur ya juya baya yana tarin ƙarya don kada dariya ta fito.

Sufeto ya karɓi littafin ya buɗe. Rubutu tsaf, layi-layi, kuɗin shiga a hagu, na fita a dama. Ya bi da yatsa har shafin ƙarshe, ya ɗago.

"Nan an rubuta riba dubu ɗari da casa'in. Ku kuma kun ce dubu ɗari da hamsin aka sace. Ina arba'in?"

Abin mamaki, sai yarinyar ta gyara zama, ta shiga bayani dalla-dalla.

"Yallaɓai, riba daban, tsabar kuɗi daban. Dubu ashirin da biyar bashi ne, malamai sun yi kwafi ba su biya ba tukuna. Mun sayar, don haka riba ce, amma ba ta shigo hannu ba. Dubu sha biyar kuma mun ƙaro kaya da su, ga su can a kanta. Ashirin da biyar da sha biyar, arba'in."

"Wato mutum na iya cin riba aljihunsa kuwa fayau?"

"Sosai ma. Yana kuma iya cika aljihu da kuɗi alhali asara yake tafkawa, in kuɗin na masu binsa ne."

"Ka ji ko, Kofur?"

"Na ji, Yallaɓai. Halin da nake ciki ke nan duk ƙarshen wata."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ta share ido. Sufeto ya mayar mata da littafin.

"Kafin yau, kin taɓa ganin alamar wani na shiga shagon a bayan idonku?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

Ta yi saurin amsawa fiye da kima. Sufeto ya ƙyale ta, ya ce su koma shagon.

A bangon shagon akwai wata doguwar takarda mai zanen tsani, an shafe matakansa da jan biro tun daga ƙasa har sama. Wani dogon saurayi mai ɗamarar wuya ya matso. Shi ne shugaban shagon, kowa Manaja yake ce masa.

"Wannan fa?" in ji Sufeto.

"Dawowar jarin inji ke nan, Yallaɓai." Manaja ya gyara murya kamar mai jawabi a gaban taro. "Da muka tara kuɗi, aji ya rabu biyu. Wasu suka ce a sayi firiji a riƙa sayar da ruwan sanyi, dubu ɗari da ashirin ne kawai. Wasu suka ce injin kwafi, dubu ɗari da tamanin. Har an fara hayaniya, Malama ta ce ba da baki za a yi ba, a ɗauko biro."

"Ai firijin ya fi araha."

"Haka muka zata. Amma bayan an cire kuɗin wuta da na ruwa, firiji naira ɗari biyar zai bar mana a rana. Sai ya yi kwana ɗari biyu da arba'in kafin ya dawo da kuɗinsa. Inji kuwa, a kowane kwafi naira biyar ce tamu bayan an cire kuɗin takarda da tawada. Kwafi ɗari biyu a rana, dubu ɗaya ke nan. Kwana ɗari da tamanin ya biya kansa. Mai tsadar ya fi saurin dawowa gida."

"Ya kuwa dawo?"

"Makon jiya!" ɗalibai suka amsa baki ɗaya, har wasu suka manta da baƙin ciki suka yi tafi.

"To ta yaya kuka san yawan kwafin da ya yi?"

"Yana da mita," in ji Manaja. "Kowace takarda ta fita sai ya ƙirga. Ma'aji na rubuta lambar safe da yamma."

Sufeto ya yaye yadin, ya sa aka kunna injin. Ya karanta lambar da ƙarfi: dubu talatin da shida da ɗari tara da bakwai. Ma'aji ta buɗe ƙaramin littafin mita.

"Ranar Juma'a da yamma, dubu talatin da shida da ɗari huɗu da ashirin ne."

"Bambanci?"

"Ɗari huɗu da tamanin da bakwai," ɗalibai kusan goma suka riga juna faɗa.

Ashe wanda ya shigo ba akwati kaɗai ya ɗauka ba, har tsayawa ya yi ya sha aikinsa.

Sufeto ya karɓi littafin mitar, ya koma baya shafi-shafi. Litinin ɗin da ta wuce, kwafi talatin sun ƙaru a kan na Juma'a. Wadda ta gabace ta, ashirin da biyar. Ta gaba da ita, goma sha biyu. A gefen kowanne an rubuta da ƙananan baƙaƙe: an biya.

Ya ja Ma'aji gefe. "Wa ya biya?"

Hawaye suka zubo mata. "Ni ce, daga kuɗin motata. Na ɗauka ni na yi kuskuren karanta mita. Na ji kunyar kada Malama ta ce lissafina bai daidaita ba, sai na cike."

Malama, wadda ta biyo su, ta dafa kafaɗarta. "Haba 'yar nan. In lissafi ya ƙi daidaita, magana yake yi miki. Ba a toshe masa baki, tambayarsa ake yi."

"Ƙaryarki ta farko ke nan, ki sa ta zama ta ƙarshe," in ji Sufeto. A ransa kuwa ya ji sanyi. Ɓarawon dubu ɗari da hamsin ba ya taka sayyada zuwa gida don ya biya kwafi goma sha biyu.

Ya juya kan Manaja. "Kai fa, ina kake ranar Asabar?"

"Gida, Yallaɓai. Karatu."

"Ƙarya ne!" wata ɗaliba ta ce daga baya. "Ƙanena ya zo ƙwallo filin makaranta, ya ce ya gan shi da kwat da sassafe."

Manaja ya yi wuƙi-wuƙi, ya sassauta ɗamarar wuyansa.

"Na zo. Amma wallahi ban kusanci shago ba. Babban zaure na shiga."

"Yin me?"

Manaja ya ce can ƙasa-ƙasa, "Gwajin jawabin yau. Na jera kujeru, ina yi musu bayani."

"Sun yi tafi?" in ji Kofur.

Aji ya kece da dariya, har Manajan kansa ya dara.

"Sau nawa ka maimaita?" in ji Sufeto.

"Bakwai. A na huɗun ne na jiyo ƙarar inji ta bango. Na zaci Malama ce ta fasa tafiya. Can sai ƙarar ta tsaya, na ji ana bubbuga injin ana tsaki."

"Muryar mace ko ta namiji?"

"Ta namiji. Babba ma. Na ji kunyar kada a gan ni ina wa kujeru magana, sai na lallaɓa ta ƙofar baya."

Sufeto ya dubi injin. In ya tsaya har ana bubbuga shi, takarda ce ta maƙale. Ya sa Manaja ya buɗe murfin gefe, ya haska da fitilar wayarsa. Can ciki, tsakanin robobi biyu, ga wani yagaggen ƙasan takarda ya naɗe. Ya zaro shi a hankali, ya shimfiɗa a kan kantar shagon.

An rubuta da manyan baƙaƙe: ZUBA DUBU ƊARI, KWASHI DUBU ƊARI DA HAMSIN CIKIN KWANA BIYU. A ƙasa an ƙara da rubutun hannu: a tuntuɓi wakilinmu, sai lambar waya.

Kofur ya leƙo, fuskarsa ta canja. Ya laluba aljihu ya fito da irin takardar sak, a ninke.

"A tasha aka miƙo mini ranar Asabar, Yallaɓai. Ni dai ajiyewa kawai na yi."

"Ajiyewa kawai?"

"To... ina jiran albashi."

Malama ta karɓi takardar, ta ɗaga wa ajin. Take ta manta akwai 'yan sanda a wurin.

"Wa zai auna mana wannan jarin? Hamsin bisa ɗari duk kwana biyu. In ka bar uwar kuɗi da ribar suna juyawa, nawa dubu ɗari za ta zama a wata guda?"

Na'urorin lissafi suka fito daga jakunkuna. Ma'aji ce ta fara ɗagowa.

"Miliyan arba'in da uku da ɗoriya, Malama."

"Injinmu fa, wata nawa ya yi kafin ya dawo da kuɗinsa?"

"Tara!"

"To wace sana'a ce ke haifar da wannan? Me suke sayarwa?"

"Ba komai," in ji Manaja. "Kuɗin na baya suke ba na gaba, har ranar da za su tsere. Mai irin wannan sirrin me zai yi da dubu ɗarin wani?"

Kofur ya dunƙule takardarsa a hankali, ya jefa a kwandon shara. "Allah Ya saka da alheri, yara. Kun ceci tukunyar gidana."

Sufeto ya nemi lambobin wayar ma'aikata daga ofishin shugaba. Babu wadda ta yi daidai da ta takardar. Bai damu ba, mutum nawa ne ke da layi biyu? Ya ce Malama da Ma'aji da Manaja su biyo shi. Sauran ajin ba wanda ya gayyace su, amma duk suka bi.

Kawu na ganinsu ya miƙe, yana dafe da baya.

"An kama ta, ranka ya daɗe?"

"Saura kaɗan. Bari in ɗan yi waya tukuna."

Sufeto ya danna lambar, ya kara a kunne, idonsa a kan dattijon. Daƙiƙa biyu, uku. Sai wani kiɗa mai zaƙi ya tashi daga cikin aljihun rigar Kawu ta ciki.

Kiɗan ya ci gaba.

"Ba za ka ɗauka ba? Wataƙila mai zuba jari ne," in ji Sufeto.

Gumi ya karyo wa Kawu. Ya koma kan kujera daɓas, ciwon bayan ma ya manta da shi.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba sata na yi niyya ba. Aro ne."

"Aro da ɗauke akwati? Fara daga farko."

"Wasu mutane ne suka buɗe ofis a kasuwa, suka naɗa ni wakili. Duk wanda na kawo ina da kaso. Shi ne nake ɗan shiga in buga takardun talla, kaɗan-kaɗan. Ranar Juma'a na ji yaran na murnar an ciro kuɗi. Na ce in na kai Asabar da safe, Litinin da sassafe in karɓo har da riba, in mayar musu da nasu, in riƙe saba'in da biyar. Ba wanda zai sani."

"Sai ka kai."

"Na raba takardu a tasha, na wuce ofishin. Na tarar da kwaɗo, mutane sun fi ɗari a ƙofa, wasu na kuka. Na ce wataƙila hutu suka tafi. Jiya ma can na wuni. Yau na yi sammako in mayar, na iske yarinyar ta riga ni, an taru."

"Kuɗin suna ina?"

Ya nuna wani kwalin alli a can ƙasa. Kofur ya ɗaga kwalaye uku kamar ba komai, ya zaro akwatin ƙarfe mai karyayyen kwaɗo. Ya buɗe. Ɗaurin kuɗi na kwance reras.

Ihun da ɗaliban suka yi sai da ya fito da malamai daga azuzuwa. 'Yan mata suka rungume Ma'aji, tana kuka tana dariya, takalmin aro ɗaya ya fice ya bar ta. Manaja ya hau kan wata karyayyar kujera zai fara jawabi, ta ida karyewa da shi.

Sufeto ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya dubi Kawu.

"Kwaɗayi ya ja ka, wannan na gane, ya ja waɗanda suka fi ka wayo. Amma da safen nan kuɗin na ƙarƙashin ƙafarka, ka dubi idona ka nuna mini takalmin yarinya. Da na biye maka, da yanzu an kore ta."

Kawu ya kasa ɗaga kai. "Ki yafe mini, 'yata."

Ma'aji ta daɗe tana kallonsa. "Na yafe nawa, Kawu. Na aji kuma ba ni kaɗai ke da shi ba."

"Za ka kuma ba mu sunayen masu ofishin nan da kamanninsu," in ji Sufeto. "Mutum ɗari na jiran wannan bayanin."

Aka ƙirga kuɗin a kan teburin sito, a gaban shugaban kwalejin. Ma'aji ta ƙirga, Manaja ya sake ƙirgawa. Dubu ɗari da hamsin, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Shugaban ya yi ta gyaran murya, daga ƙarshe ya ba yarinyar haƙuri a gaban kowa. Malama kuwa ta ce a buɗe littafi a rubuta kuɗin motar da ta cike a matsayin bashin da take bin shago, a biya ta kafin a raba ko sisi.

Sufeto ya rufe akwatin, ya saka a hammata.

"Za mu tafi da shi ofis a rubuta shi cikin kayan shaida, a ɗauki hoto. Zan yi magana da mai gabatar da ƙara a sako muku kafin a tashi aiki. Ku bar balan-balan ɗinku a rataye."

Ya juya zai fita, sai ya ga Ma'aji ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta miƙo masa biro da ɗan littafi.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Sai ka sa hannu ka karɓa."

Kofur ya zaro ido. "Ke, Sufeto ne fa!"

"Na sani. Kwanan wata a sama, adadi da lamba da kuma kalmomi."

Sufeto ya dube ta, ya dubi Malama da ke ta faman ɓoye dariya a bayan tabarau. Ya ajiye akwatin, ya karɓi biron, ya rubuta dubu ɗari da hamsin da lamba da kalmomi, ya rattaba hannu. Yarinyar ta duba sosai, ta yage kwafi ɗaya ta ba shi, sannan ta matsa gefe.

Kofur ya kama hannun Kawu, suka nufi mota. Ɗalibai ashirin da huɗu suka rako su har bakin ƙofar kwaleji, suna ta ɗaga hannu suna cewa a dawo da wuri, akwai kujera biyu a sahun gaba.